Muryar Alhaji Sule a Rediyona

Jama'a, yau rediyona ya tona asirin maƙwabcina!

Da hantsi muna zaune a ƙofar gidana a Funtua, ni da abokina Bulus. Ya karye a ƙafa, ga damina ta sauka, gonarsa ta Gozaki ko huɗa ba a yi ba. Ina murɗa rediyo ina neman labarai, sai ga murya raɗau! Wallahi maƙwabcina Alhaji Sule ne, mutumin da ko murmushi bai cika yi ba. Ashe tarhon nan marar igiya da ya sawo a Makka ne ke kutsowa cikin rediyo!

Muka ji yana ce wa ƙanensa na Malumfashi, "Ka haɗa gayya jibi, a huɗe gonar Bulus. Kada ka yarda ya san ni ne."

Idon Bulus ya ciko.

Sai ga Alhaji ya fito, fuska a ɗaure, ya ce, "Bulus, ya ƙafa? Gona kuwa, Allah zai kawo mafita."

Bulus ya ce, "Ya kawo, Alhaji. Yanzun nan aka sanar a rediyo!"