Kifin da Gwaggo Ba Ta Ci Ba a Iskandariyya

Na fi mako guda ina rubuta wannan ina gogewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ku kuma yawancinku ɗaliban ilimi ne, ina jin nauyin in baje kurakuraina a gabanku. Ga shi labarin bai fito da ni da kyau ba. Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma ina da tambaya.

Masu sayen tuwo a wurina a unguwar Hayyus Sabi' nan Alƙahira sun san gwaggona ta zo jinya wata biyu ke nan. Ita ta raine ni a Yauri. Ƙoda ke damunta, ga hawan jini. Likita ya hana ta gishiri, ya kuma ce ba zai yi mata aiki ba sai ta yi ƙarfi, ita kuwa ta daina cin abinci. Loma biyu, ta ture kwano. Abu ɗaya ta taɓa buɗe baki ta nema, kifi. Na sayo ƙarfasa a kasuwar unguwa na dafa, ta sansana ta ce wannan ya fi ta daɗewa a kwance. 'Yar masunta ce, kifin da ya kwana ba kifi ba ne a wurinta. Shi ne maigidana ya ce mu kai ta Iskandariyya, ta ga teku, ta ci wanda aka kamo ranar.

Mun tashi da asuba mu uku, muka kama jirgin ƙasa a tashar Ramsis. Na riƙo maganinta, da takardar likita, da kular farar shinkafa ba gishiri don gudun ko-ta-kwana. Maigida ya ce wa ke zuwa bakin teku da guzurin shinkafa. Jirgin na fita daga Alƙahira sai gonaki kore shar, da magudanan ruwa, da dogayen ɗakunan tattabaru kamar rumbuna. Gwaggo ta manne da taga. Duk inda ta hangi kwalekwale sai ta taɓa ni. Rabon da in ga haƙoranta tun ranar da ta sauka.

Da hantsi muka isa. Da ta ga teku ta tsaya tana kallo, can ta tambayi maigida ina ɗaya gaɓar. Ya ce sai Turai. Ta ce to masuntan nan suna da aiki.

Gidan abinci na farko a bakin babban titin da ke bin teku yake, mai gilasai da kujerun alfarma. Wani mutum a ƙofa yana ta kiran "itfaddalu", wato bismillah ku shigo. Farashin kifi ɗaya a nan zai ciyar da ɗalibai biyar a wurina. Na ce wa mutumin muna son kifi ba gishiri, ya ce tamam, wato ba matsala, tun kafin in rufe baki. Ni mai dafa abinci ce, na san tamam ɗin da ake cewa don mutum ya zauna. Na nemi in leƙa kicin, ya ce ba a shiga. Muka fita. Wannan ban yi nadamarsa ba, don Gwaggo ma ta kalli kifin da ke kan ƙanƙara ta ce idonsa ya faɗa ciki kamar nata.

Na biyun ne ke hana ni barci. Wani mai sayar da rake ya kwatanta mana shi, a wani lungu cikin tsohuwar unguwar masunta. Ba ado, teburan roba, mutanen gari cike da iyalansu, hayaƙi yana tashi. Gwaggo da kanta ta je gaban farantin da aka jera kifi. Ta danna cikin kifi da yatsa, ta ɗaga gefen kansa ta leƙa jan da ke ciki, ta zaɓi wani dogo da suke kira buri. Mai shagon ya ɗaga mata babban yatsa, ya ce Hajiya ta san kifi. Ta koma ta zauna, ta gyara mayafi, har ta nemi ruwan wanke hannu.

Ni kuma na tsaya ina kallon mai gashi. Yana birkiɗa kifi cikin dusa, ya ɗora a kan baƙin ƙarfe mai zafi har bayansa ya ƙone. In ya sauke sai ya tsoma shi cikin wata roba mai ruwa. Na matsa na duba. Tafarnuwa ce da lemun tsami, a gabana kuma ya ƙara gishiri cikin hannu guda. Na tuna daren da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na dawo na ce mu tashi. Maigida ya ce in dakata ya yi wa mutumin magana, Larabcinsa ya fi nawa. Na ce wurin da gishiri ke yawo haka, ko sun rantse ba zan yarda ba, in wani abu ya same ta ni za a tambaya a gida. Na ɗauki jakarta na yi gaba. Gwaggo ta kalli kifinta da aka riga aka ɗora a sikeli, ta miƙe a hankali ta biyo ni.

Daga nan ranar ta lalace. Wani direban tasi ya ce ya san wurin masu rashin lafiya, ya zaga da mu cikin cunkoso ya dire mu a shagon abokinsa, inda komai soyayye ne cikin mai da ya yi baƙi. Wani wurin a bene yake, hawa biyu, ba za ta iya ba. Azahar ta wuce, lokacin maganinta ya yi, kuma ba a shansa da yunwa. Muka biya kuɗin shiga bakin ruwa, muka biya na lema, muka biya na kujera, kowanne daban. A nan na buɗe kula. A gefenmu wasu iyali suna ɓare gasasshen kifi a kan jarida, iska na kawo ƙamshin. Ta ci cokali uku na farar shinkafa ta haɗiyi ƙwaya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, lafiyarki nake ji."

"Na sani, 'yar nan. Likita ya hana ni gishiri, ke kin hana ni kifin."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A jirgin dawowa na zauna kusa da wata Bamisriya mai fara'a, ta ga tsohuwa ta tambayi abin da ke damunta. Da guntun Larabcina na ba ta labari. Ta dafa ƙirji. Ta ce ai kifi mai dusar nan ba a sa masa komai kafin gashi, gishirin duk a ruwan robar yake. Mahaifinta ma mai hawan jini ne, cewa kawai suke yi kada a tsoma, a ba su shi haka su matsa lemun tsami. Maigida ya ji, ya juya fuska wajen taga. Har muka iso Ramsis bai ce "na faɗa miki" ba, ni kuwa na gwammace ya faɗa.

Mun shiga gida bayan magariba. Abin da na koya shi ne, tsoro bai iya tambaya ba, gudu kawai ya iya. Shekara nawa ina dafa wa mutane abinci, na tsaya a gaban ɗan'uwana mai sana'a na kasa ce masa kalma ɗaya. Ranar Litinin aka auna Gwaggo, ta ƙara ramewa, likita ya ɗaga aikin da mako biyu.

Don Allah, wanda ya san Iskandariyya, ko wani bakin ruwa da ya fi kusa, ya taimaka mini da kwatancen wurin da ake gasa kifin ranar a gaban mutum, a ƙasa ba bene ba, kusa da inda mota ke tsayawa. Lungun nan na kasa tuna hanyarsa, maigida ma haka. A rubuto mini kuma yadda zan faɗi "kada a tsoma" da Larabcin Masar, in haddace. Na ce wa Gwaggo za mu koma Juma'a, ta ce in bar wahalar da kaina, kifin ya fita ranta. Wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san yadda ake sa shi ya sake marmarin abu, shi ma ina jiran amsarsa.