Maganar Kwalbatinmu Kafin Azahar

Tun ina da cikin 'yata ta fari nake ƙirga watanni, ba don haihuwar ba, don rafi. Rugarmu tana tsallaken wani rafi da ke gangarawa kogin Watari, asibiti kuwa yana wancan gefen. Da rani ko zane ba ka ɗagewa. Da damina sai ya kwana biyu bai bar kowa ya wuce ba. Na haife ta da rani, daga baya aka ce tana da sikila, sai ƙirgan ya zama na kowace shekara.

Mu Fulani ne, 'yan gidaje kaɗan a tsakiyar ƙauyukan manoma. A majalisar kansilolin ƙaramar hukumarmu mutum ɗaya ne namu, ƙanin surukina, muna ce masa Baffa. Ya daɗe yana kai maganar a yi mana kwalbati, yana dawowa ya ce ba a kai kanta ba. Ban gane nufinsa ba sai da aka ba shi shugabancin majalisar, ya ce mu mata mu zo mu zauna a bencin baya.

Ran nan na ga yadda ake yi. Takarda ce guda, an jera maganganu daga sama zuwa ƙasa. A ɗauki na sama a yi ta ja, da an kira azahar kowa ya nemi takalminsa. Na ƙasa sai wani zaman. Batunmu kullum a ƙasa yake. Shugaba ne ke jerawa, Baffa kuwa ya sa shi na farko.

Wani kansila ya gyara hula ya ce, "Shugaba, kwalbatin nan na mutane ne ko na shanu?"

Aka yi dariya. Baffa ya ce, "Alhaji, nonon da aka dama maka fura da shi yau, a ka aka tsallako maka da shi."

Dariyar ta koma kan Alhajin. Wani ma ya tuna cewa manomansu suna bi ta nan zuwa fadama. Aka ɗaga hannu, aka amince. Bayan 'yan makonni masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan fenti a bakin rafin.

Ba a fara aikin ba wa'adin su Baffa ya ƙare. A sabuwar majalisa Baffa ya koma kansila kawai, wani ke jera takardar.

Daminar da ta biyo baya ciwon yarinyar ya tashi, rafi a cike. Na zauna a bakinsa da ita a cinyata, kusa da turke ɗaya. Ban yi kuka ba. Jan fentin kawai nake kallo, in ga ko ruwan ya sauka daga kansa. Washegari babanta ya tsallaka da ita a wuya, aka ƙara mata jini, ta tashi. Malamar asibiti ta ce me ya sa muka makara. Na ce rafi. Ta rubuta wani abu.

Turakun suna nan, ana ɗaure awaki a jikinsu. Ni kuma ina da wani cikin, watan haihuwar ya faɗo tsakiyar damina.

Karatuna bai wuce firamare ba, ban san wa ake kai wa takarda ba. In kun san mai jera maganganun majalisar nan, don Allah ku gaya masa ya sa ta kwalbatinmu inda za a kai gare ta kafin azahar.