Tafiyarmu Ɗa'ifa Ɗanɗanon Jan Inabi

Jidda zuwa Shumaisi

Ana idar da sallar Asuba na ɗauko Gwaggo Asma'u a gidanta da ke unguwar Waziriyya. Ƙanwar mahaifina ce, haifaffiyar Jidda, ita ke haɗa lemon bukukuwa a unguwar. Duk lokacin nunar inabi takan hau Ɗa'ifa, ta je wata tsohuwar gona da jan inabinta ya yi suna, ta ɗanɗana matsin farko. In ta ce ya yi, masu shagunan lemo su bi sahunta. Bana mai gonar ya rasu, ɗansa Fahad ne ya kira ta.

A shingen Shumaisi ɗan sanda ya duba iƙamata, wato katin izinin zamana, ya leƙa ya ga tsohuwa, ya ce, "Yalla," wato mu wuce. Gaba kaɗan muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa. Na ga ta zabga barkono, tana ci ko gezau.

Hawan Hada

Hanyar dutsen Hada sai murɗewa take, birai zaune kan shingen titi suna jiran a jefa musu ayaba. Na kashe na'urar sanyi, muka buɗe taga. Nan ta ce, "Habibu, tun zazzaɓin bara ba na jin ɗanɗanon komai. Zuma da ruwa ɗaya ne a bakina."

Na ce, "To Gwaggo, me za mu je yi?"

"Yaron nan maraya ne. In ban zo ba, za a ce gonar ta bi ubansa. Kai za ka sha, ka faɗa min."

A gonar

Da hantsi muka isa. Fahad ya tare mu da kansa, ya zaunar da mu a inuwar rumfar inabi, ya kawo matsin safiyar nan a ƙananan kofuna. Ya miƙa wa Gwaggo ɗaya. Gwaggo ta ɗaga kofin wajen haske. Ja ne mai kyau, amma bai yi duhu ba. Ta murza ɗigo tsakanin yatsu, ta fasa ƙwayar inabi ta duba ɗan cikin, kore shar.

Na kurɓa. Na ce da Hausa, "Zaƙi ne ya fara zuwa, da ƙamshi kamar na fure. Sai tsami. Daga ƙarshe bauri ya kama min harshe."

"Baurin yana wucewa ko yana zama?"

"Yana zama."

Ta juya ga Fahad da Larabci. Na zaci za ta rufe asirinta, sai na ji ta ce, "Ɗana, ni harshena ya tafi, da na wannan yaron na sha. Inabin babanka ne, bai canja ba. Amma ka yi gaggawar tsinka. Bar sauran a jikin uwarsu har ɗan ciki ya yi ruwan ƙasa."

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, ƙanƙara nake tsoro. In ta sauko, shi ke nan."

"Babanka ma duk shekara da tsoron nan yake kwana. Ka bari. Ranar tsinka ka kira ni, ni zan shaida wa mutanen Jidda."

Ya tashi ya sumbaci kanta. Muka ci shinkafa da naman rago, ya cika mana bayan mota da rumman.

Komawa

Mun gangaro bayan La'asar, zafin Jidda ya tare mu tun kafin mu shiga gari. Ana kiran Magariba na tsaya a ƙofar gidanta, muka gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya. Na zagayo na buɗe mata ƙofa, ba ta sauko ba. Ta ce, "Ƙamshin furen nan da ka ce, Habibu. Sake faɗa min yadda yake, a hankali."