Fuskar da Iya Ta Kankare

Warin man zafi ne ya tono mini komai. Ranar da na fara zuwa gidan wani likita ɗan ƙasarmu a unguwar Malaz, nan Riyad, don in riƙa taya matarsa kula da tsohon mahaifinsa, ina tura ƙofar ɗakin warin ya daki hancina. Sai na gan ni a tsakar gidanmu na Kaduna, ina 'yar ƙarama, riƙe da kwalbar man, kakana Baba Tsoho ya miƙe ƙafarsa ta hagu a kan kifaffen turmi.

Ƙafar nan ita ke fara sanin damina. Tun hadari bai haɗu ba za ka ji ya ce a kwashe shanya, ƙwaurinsa ya ce ruwa na tafe. A karkace ƙwaurin yake kamar ƙotar fartanya, ga wani dogon tabo mai sheƙi tun daga ƙasan gwiwa. Ni ce mai shafa masa man, don ya ce hannun amaryarsa ya fi na tsohuwa laushi. Kakata Iya takan harare mu daga bakin murhu, ta ce mu ƙarata can, ita ta yi tata ɗawainiyar tun ciwon yana ɗanye.

Bayan yaƙin basasa, Baba Tsoho ɗan ƙwallo ne, lamba bakwai a ƙungiyar wata masaƙa. Ƙaramin rukuni suke bugawa. Da safe suna kan injin saƙa, da yamma suna fili. A bayan buɗaɗɗiyar mota ake kwasarsu zuwa Funtuwa ko Gusau, su buga a filin da sai an kori awaki, a hutun rabin lokaci a yanka musu lemo. Wannan duk da dariya yake ba ni. Abin da ba ya faɗa kuwa, Iya ce ta faɗa mini, wata rana muna ɓarar gyaɗa.

Takalman wancan zamani, haƙoran ƙasansu na fata ne, da ƙusa shumeka ke kafa su. Ranar wasa alƙali yakan shafa tafin kowane takalmi da hannu, in ya ji tsini ya hana ka shiga. Amma a atisaye ba mai dubawa, tunda 'yan gida ɗaya ne, wa zai cuci wani? A makon da mutanen wata babbar ƙungiya za su zo ganin wasan Baba Tsoho, sai wani abokin wasansa, wanda ya daɗe a benci yana jiran lamba bakwai ɗin nan, ya shigo atisaye da ƙusa a waje. Shiga ɗaya ya yi masa. Ƙashi ya karye, nama ya tsage. Aka kai shi wurin maɗori, ciwon ya yi ruwa, ɗorin ya kama a karkace. Ranar Asabar mutumin nan ya sa rigar lamba bakwai. Baba Tsoho kuma, da ya tashi, masaƙa ta ba shi gadin ƙofa, a nan ya tsufa.

Akwai hoton ƙungiyar a bangon ɗakinsa. Shi yana tsugunne a gaba da ƙwallo a hannu. Wanda ke tsaye a bayansa, ya dafa kafaɗarsa, ba shi da fuska. Iya ta kankare ta da allura, sai farin takarda. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ta ce ba za ta ɓata alwalarta ba. In Baba Tsoho ya ce a bar wa Allah, sai ta ce ita ma Shi ta bar wa, amma ba ta yafe ba. Bayan rasuwarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kika san ƙafar nan da hannunki. Ko kowa ya manta, ban da ke."

To, aure ya kawo ni Riyad, mijina yana karatu a jami'a. Tsohon da nake kai wa kunu ciwon mantuwa ke damunsa, ko ɗansa likitan ba ya ganewa. Abu ɗaya ya rage masa. Matar gidan ta ce kowace safiya sai ya zaro wani hoto daga ƙarƙashin filo ya nemi kansa a ciki, sannan hankalinsa ya kwanta ya ci abinci. A kwana na uku ya zaro shi a gabana.

Hotonmu ne. Ga Baba Tsoho a tsugunne da ƙwallonsa. Na bi hannun da ke kafaɗarsa na haura sama, a karon farko a rayuwata na ga fuskar: saurayi ne mai wushirya, yana murmushi. Tsohon ya ɗora yatsa a kanta.

"Wannan ni ne, 'yata. Lamba bakwai." Ya yi dariya, ya nuna tafin ƙafarsa. "Ƙusa ɗaya tak ta ba ni ita."

Ya manta sunan ɗansa, amma bai manta wannan ba, kuma da daɗi yake tunawa.

Kwana biyu ina dama masa kunu ina jin muryar Iya. Shekaranjiya da hantsi matar gidan ta sauka baƙala, kantin unguwa, sayen burodi, shi kuma barci ya ɗauke shi. Na zaro hoton, na cire fil ɗin mayafina, na yi abin da Iya ta yi. Ban tsaya ba sai da farin takarda ya fito.

Jiya da safe ya zaro hoton. Yatsansa ya yi ta yawo, ya wuce farin wurin, ya dawo. Ina tsaye ina kallo, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sanyi na ji a raina. Sai yatsan ya sauko ƙasa, ya tsaya a kan fuskar Baba Tsoho.

"Wannan ni ne," in ji shi.

Ya ƙwace wa kakana riga, yanzu kuma fuska. Ban san lokacin da na sunkuya kusa da kunnensa ba. "Ba kai ba ne, Baba. Kakana ne, wanda ka karya. Kai babu kai a nan."

Tun daga lokacin bai sa komai a bakinsa ba. Matar gidan ta ga hoton, ta ce likita zai duba kyamarar da ya sa a ɗakin saboda tsohon. Ban san da ita ba. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta zaman aure ce, ba ta aiki ba, magana in ta fita har karatun mijina za ta iya taɓawa, kuma har yanzu ban gaya masa ba. 

Yanzu in mijina na kallon ƙwallo, ana ɗan taka mutum sai a maimaita wurin ta kowace kusurwa, a ɗaga jan kati, a shigo da gadon ɗaukar marar lafiya. A zamanin Baba Tsoho ba idon da ya ga ƙusar nan. Ni kuwa fil ɗina yana nan a ajiye a kyamara, ana iya maimaita shi sau goma. Tsoro nake ji sosai. Amma in likita ya kira ni, kafin ya kunna abin da ya ɗauka, zan roƙe shi ya zauna in kwatanta masa ƙwaurin kakana, tunda aikinsa ne sanin ƙashi. Hannuna bai manta ko lanƙwasa ɗaya ba.