Malamin da Ya Ƙi Cewa An Gama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Malam. Ina ɗakin gwaji ɗiyarka ta bugo mini waya. Ƙugin fankokin na'urori ya hana ni jin ta, sai da na fita baranda ta maimaita: ka yanke jiki ka faɗi a bakin mota kana shirin tahowa wurinmu, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na koma ciki na tsaya ina kallon korayen fitilun na'urorin suna ta ƙyaftawa, na rasa wanda zan fara gaya wa.

Mutane da yawa sun san kai farfesa ne, amma ba su san abin da ka ƙarar da rayuwarka a kai ba. Duk saƙon da mutum ya aika, ko muryarsa a waya, daddatsa shi ake yi ƙulli-ƙulli. A kowace mararrabar wayoyi akwai na'urar da muke kira rauta, ita ke zaɓa wa kowane ƙulli hanya, miliyoyi a ƙiftawar ido. Burinka shi ne rautar da in hanya ta yanke za ta sauya wata nan take, mai magana bai ma sani ba. Ni ce mataimakiyarka a wannan aiki. Ka ɗauko ni ina ɗaliba mai taurin kai, ka raɗa mini Mai Gardama, kuma har ka koma ga Allah ban ba ka kunya ba wajen cika sunan.

Alherinka ba ya ƙirguwa. Da mahaifiyata ta kwanta jinya, kai ka ɗauki darussana zango guda, da na zo godiya ka ce in daina ɓata maka lokaci. Ranar da Ango, mai bincikenmu da sunan angonci ya bi shi tun bikinsa, ya ƙona allon na'ura mafi tsada a ɗakin, ya zo gabanka. Ka shinshina allon ka ce, "To, yanzu mun san iyakar wutar da yake ɗauka. Rubuta, sakamako ne." Kuma da aka buga takardar binciken, sunansa ka sa a gaba.

Amma a wurin gwaji ba ka da sauƙi ko kaɗan. Kowa a wannan fanni da kwamfuta yake yanke hanya: a danna maɓalli, hanya ta mutu, rauta ta sauya, a tafa. Kai kuwa sai ka naɗe hannun riga, ka zagaya bayan na'urori, ka zare kebul, wato wayar da ke haɗa su, rabi, ka riƙa girgiza shi yana taɓawa yana saki. Kakan ce waya a duniyar gaske ba ta mutuwa farat ɗaya, jinya take yi: ɓera ya ɗan gutsura, mai haƙa rami ya ɗan sara, ruwa ya ɗan shiga. Mun sha yi maka dariya a bayan ido. Da wannan girgizar ka kama aibin da duk lissafinmu bai gani ba. Idan hanya ta cika maƙil kuma kebul na jinya, wani lokaci rauta biyu sai su rikice, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta mayar wa wannan, ƙulle-ƙulle su yi ta zagaye har su zube. Ba kullum ba. Sai a wuni ana girgizawa bai fito ba.

Kamfanin da ke ɗaukar nauyin ɗakinmu ya ƙosa. Sun riga sun yi wa wani birni alkawarin waɗannan na'urori, kuma a kansu kiran motar asibiti da na 'yan kwana-kwana zai riƙa bi. Wakilinsu ya faɗa mana ƙarara: ko dai a taron Litinin mu ce an gama, ko su janye a rufe ɗakin. Ina nan lokacin da ka cire tabarau ka ce masa, "Ranka ya daɗe, wanda kiransa zai yanke yana neman motar asibiti ba ya cikin taron nan. Ni ne wakilinsa." Bayan ya fita na yi maka gardama iya ƙarfina. Na ce aibin ba ya fitowa sai an tsokane shi, na ce akwai masu iyali a ɗakin nan. Ka saurare ni har na gama, ka ce mu ƙara gwadawa ranar Laraba.

Laraba ta zo, ba ka zo ba.

Wakilin ya zo gaisuwa gidanka, ya yi addu'a mai kyau. Da na rako shi ƙofa ya rage murya ya ce taro na nan yadda yake, kuma yanzu magana a bakina take. Wallahi na ji kamar in mare shi, amma ban ga laifinsa ba, shi ma aiko shi aka yi. Wanda ya fi karya mini zuciya Ango ne. Matarsa ba ta yi arba'in da haihuwa ba. Ya tare ni a matakala ya ce, "Yaya, don Allah ki duba mu. A kwamfuta lafiya lau yake aiki. In an saka, ma gyara daga baya, wa zai sani?"

Ranar Asabar da safe na shiga ɗakin ni kaɗai, na cika hanyar da saƙonni, na durƙusa bayan na'urori. Ina girgiza kebul ina roƙon Allah kada abin ya fito. Har azahar shiru, har na fara shirya kalmomin da zan faɗa ranar Litinin. Ina shirin miƙewa sai layin da ke nuna wucewar saƙonni a allon kwamfuta ya faɗi ƙasa, ya ɗan jima, ya tashi. Jimawar da ta isa ta yanke kira. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a gidanka.

A taron, wakilin ya dube ni ya ce, "Malama, an gama ko ba a gama ba?" Ina jin idon Ango a ƙeyata. Na ce ba a gama ba. Na nuna musu abin da na gani, na roƙi ƙarin lokaci. Ba su bayar ba. Ƙarshen wannan zango za a rufe ɗakin da ka gina, Malam, kuma da bakina aka rufe shi. Jiya na haɗu da Ango yana fita da kwalin littattafansa. Na gaishe shi, ya wuce.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa gaskiyar da ka tsaya a kai ta tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙuri da mijin da rabinsa na wurin na'urori, da ɗiyarka da ƙannenta, da 'yan'uwa da ɗalibanka a duk inda suke. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Kai ma Ango, ina yi maka ta'aziyya, ko da ba za ka amsa ba. Uba ɗaya muka rasa.