Mai Gyaran Layi Ɗaya

Tun safe nake zaune a asibiti, sakamakon gwajin jinina ya maƙale a kwamfuta. Ga mai gyara ya shigo, siriri, takalmi na sheƙi, ba ya kallon idon kowa.

"Mama, yi haƙuri," in ji shi. "Manhajar gwaji ce ba ta ganin ta rajista a babbar kwamfutarmu, sabar Java. Ba a rubuta mata cewa da ita ta dogara ba."

Bai yi lalube ba. Fayil ɗaya ya buɗe, ya ƙara layi ɗaya, takardata ta fito. Nas sai godiya take, wai karo na uku ke nan da ya cece su.

Ni 'ya'ya bakwai na haifa. A gidana, wanda ya fi saurin gano abin da ya ɓace, shi nake fara tuhuma.