Hular Di'o a Tsibirin Shamian

Ana idar da sallar asuba muka bar masaukinmu na unguwar Sanyuanli a ƙasar Sin, ni da mai ɗakina Hajiya da ɗanmu mai saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu, da matarsa. Wasannin Olimfik da ake yi a babban birnin ƙasar sun cika har wannan garin da tutoci da 'yan sanda, kowa da fasfo a aljihu. Washegari Hajiya za ta koma Kano, kuma abu ɗaya ta roƙa: hoton iyali da za ta rataya a falo.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, kuɗinsa kamar kyauta. Muka karya da kunun shinkafa a shagon wasu Musulmi. Hajiya ta ce ko majinyaci aka ba wannan a gida sai ya ture.

Shamian da muka nufa ɗan tsibiri ne a bakin kogi, inda Turawan Ingila da Faransawa suka zauna lokacin da suke da ƙarfi a nan. Na ga irin gidajen a Dakar da Ikko: doguwar baranda, tagogin katako, manyan itatuwa. Abin da ban taɓa gani ba shi ne iyalai suna hayar tufafin wancan zamani don ɗaukar hoto, mata cikin rigunan siliki masu tsaga a gefe, maza cikin dogayen riguna har idon sawu.

Ɗana ya fito daga shagon haya da kakin Bature da farar hular kwano.

"Baba, yau kai ne Di'o."

Na ce ya mayar. Mahaifina ya yi dakon akwatin Di'o a ka lokacin rangadi, har ya rasu da kantar dakon a tsakar kansa.

Hajiya ta ce, "Alhaji, don Allah kada ka ɓata mini hoto."

Sai ga wani tsoho Basine da irin hular a kansa, jikokinsa mata na sara masa suna dariya. Sinancina na kasuwa ne, sai babbar jikar ta yi mana tafinta da Turanci. Ya ce mahaifinsa kuku ne a tsibirin, kuma a wancan zamani Basine ba ya haye gadar shiga tsibirin sai da izini. Na tambaye shi dalilin da ya sa zai saka hular Turawan.

"Yanzu ta wanda ya biya ce," in ji shi. "Ni na biya."

Duk da haka kaina bai yarda da ita ba. Na zauna a kujera da babbar rigata, Hajiya da surukarmu a gefena. Na sa ɗana ya shiga kakin da hular, ya tsaya a bayana yana riƙe mini laima. Hajiya ta yi dariya har gyalenta ya zame, a haka mai hoton ya ɗauke mu.

Muka koma masauki gab da magariba. Tafiyar ta nuna mini cewa abin da ya yi mana ciwo mu rufe shi muke yi, su kuwa sun sa shi haya. Ban san wa ya fi gaskiya ba. Na dai san ɗana, da shekarunsa da iyalinsa, bai taɓa jin aikin kakansa ba sai da na ba shi labari a jirgin komawa masauki.